TUFKAR HAGU

Shafi na 23

Masu yi mini tsiya a ƙasan shafin jiya, wai na bar mutum cikin rijiya na tafi cin tuwo, duk na gani. Ku gyara zama. Ni kaina da na rubuta wannan sai da na tashi na sha ruwa sau biyu.

Birnin Zariya, bazarar 1954

Mamman bai tsaya sallama ba. Ya faɗo zauren gidan nan na unguwar Kusfa da laka har gwiwa, dattijo da furfurarsa yana haki kamar wanda kare ya biyo. Manomi ne daga ƙauye, wata biyu ke nan yana ja wa maigidansa Bahago guga a wurin yasar rijiya.

"Inna Uwa, Malam Aƙilu, ku fito. Rijiya ta rufta da maigida."

Aƙilu na zaune a dakali yana kankare ƙasar tubali daga ƙafarsa. Hannunsa ya tsaya cak.

Uwa ta fito daga cikin gida da muciya a hannu.

"Wace rijiyar?"

"Ta gidan Malam Jumare, a Ƙofar Gayan. Gefe guda ne ya zubo. Yana da rai, Inna, ƙasa ta danne shi zuwa ƙirji. Matakan da yake takawa duk sun zube, kuma idon ruwa ya buɗe."

"Ruwan ya kai ina?"

"Da na taho ya ce ya kai haƙarƙari."

Su huɗu mahaifinsu ya bari, shi ma mahaƙin rijiya ne. Uwa ce babba, ita ta ƙarasa renon sauran, sai Bahago, sai Aƙilu, sai autansu Sabo. Shekara uku da suka wuce Sabo ya sauka wata rijiya a Ƙofar Kuyambana, Aƙilu ne riƙe da igiyarsa. Ana cikin jawo shi igiyar ta rabu biyu. Tun ranar Aƙilu bai ƙara leƙa rijiya ba, ko ta tsakar gidansu kewaye ta yake yi, ruwan alwalarsa ma Uwa ke ja masa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Uwa ta ajiye muciyar.

"Tashi, Aƙilu."

"Yaya, a nemi wani."

"Wa? Faɗi sunansa in je in durƙusa masa."

Mamman ya ce, "Mahaƙa duk suna ƙauyuka, lokacin yasa ne. Malam Jumare ya tura mai keke Tudun Wada neman taimako, amma kafin a zo..." Bai ƙarasa ba.

"Kin ji, an tura," in ji Aƙilu. "Yaya, kin san ni. Duk wanda ya jingina da ni a bakin rijiya gawarsa ake fitarwa. Ni na fizgi igiyar Sabo, ni na goga ta a bakin marmara har ta tsinke. So kike in ƙarasa miki ɗayan?"

Uwa ta tsaya tana kallonsa. Tsoro ne ya cika ta, kuma ba na rijiyar kaɗai ba.

"Mamman, jira mu a waje. Kai kuma biyo ni."

Ta shiga ɗakinta, ta jawo wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga wata tsohuwar rigar mahaifinsu, ta zaro guntuwar igiyar rama da ba ta fi kamu biyu ba. Ta ɗora masa a hannu.

Aƙilu ya yar da ita kamar ta ƙone shi.

"Ɗauka."

"Yaya, don Allah."

"Na ce ɗauka. Ran nan suma ka yi, ba ka duba bakinta ba. Ni na tsince ta. Yau duba."

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake.

"Igiyar da dutse ya ci, yaya bakinta yake?" in ji Uwa.

"Cinyewa yake yi. Ya yi gashi-gashi."

"Wannan fa?"

Bakin igiyar bai cinye ba. Zaruruwanta uku suna nan lafiya ƙalau, dogaye, kowanne ya koma gefensa. Ba tsinkewa ta yi ba, warwarewa ta yi a wurin haɗi.

Ga waɗanda ba su taɓa tufka ba, igiya duk murɗin dama ake mata. In za a haɗa biyu sai a bi murɗin yadda ya tafi, nauyi na hawa haɗin na ƙara ƙanƙamewa. In kuwa mai haɗin ya murɗa ta hagu, ido ba ya gani, guga ma ba ya nunawa. Sai ranar da nauyin mutum ya hau, haɗin ya riƙa kwance kansa a hankali. Shi ya sa tun Bahago na yaro mahaifinsu ya ba shi dagin haƙa ya hana shi haɗa igiya.

Aƙilu ya bi murɗin da babban yatsa. Ya sake bi.

"Tufkar hagu ce," ya faɗa can ƙasa.

"Ita ce."

"A gidan nan mutum ɗaya ke tufka da hagu."

"Shi ne. Ana gobe za ku fita ya ga igiyar ta gaza, kai kana kasuwa, ya haɗa bai faɗa wa kowa ba."

"Ya sani?"

"Ya sani. Ranar sadakar uku na nuna masa. Ya yi kuka har ya yi amai."

Aƙilu ya zauna a ƙasa daɓas. Bai yi ihu ba, da ma ya yi, da ya fi wa Uwa sauƙi.

"Shekara uku, Yaya."

"Na sani."

"Kwana arba'in kina ɗura mini kunu a baki. Ina ce miki ni na kashe shi, kina shafa kaina kina cewa ƙaddara ce. Ashe abin nan na ƙarƙashin gadonki."

"Yana nan."

"Mutanen Kusfa suna nuna ni da baki. Yaya Bahago ya zauna mu ci tuwo a akushi ɗaya, ya kalli idona, ya ce in yi haƙuri in yafe wa kaina."

"Na gani."

"To me ya sa?"

Uwa ta durƙusa gabansa, gwiwoyinta suka yi ƙara.

"Na binne ɗaya, Aƙilu. Na dubi yadda kake a lokacin, na ce in na buɗe baki ko ka illata shi, ko ya shiga duniya. Na ce bari zuciya ta huce tukuna. Sati ya zama wata, wata ya zama shekara, kullum maganar ƙara nauyi take. Na ji tsoro. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan."

"Kika zaɓe shi."

"Na so in riƙe ku duka biyu, sai na zalunci ɗaya. Ba yau nake neman gafararka ba, yau ba lokaci. Abin da nake so ka sani, hannunka bai kashe kowa ba. Ka iya aikin nan fiye da duk wanda Baba ya koya wa."

"Kuma in sauka in ciro wanda ya bar ni cikin wannan."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Shi ai ya yar da ni."

Uwa ta san da ma caca ta yi: gaskiyar da za ta kwance masa hannu ita ce za ta iya ɗaure masa zuciya. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kwance zanenta ta sake ɗaure shi tamau, ta sa mayafi ta ɗaure ƙugu da shi.

"To zauna."

"Ina za ki?"

"Sauka zan yi."

"Yaya, shekararki hamsin."

"Da ɗaya. Ka ga wani? Tun ba a haife ka ba nake riƙe wa Baba igiya. Ban taɓa sauka ba, yau sai in koya."

Ta fice. Kuma wanda ya san Uwa ya san ba barazana take ba, matar da ta taɓa bin ɓarawon akuya da taɓarya har bakin ganuwa.

Suna tafe ita da Mamman sun sha kwana biyu a lungu, sai ta ji takun ƙafa a bayanta. Ba ta waiwaya ba, don kar ya ga hawayenta.

"Yaya."

"Ina ji."

"In na sauka, wa zai riƙe?"

"Ni."

"Ba don shi zan yi ba. So nake ya fito ya faɗa mini da bakinsa."

"Ko don wa za ka yi, ɗaga ƙafa."

Gidan Malam Jumare ya cika har zaure. Mata sun taru a ƙofar ɗakuna suna salati a hankali, maza sun yi da'ira nesa da rijiyar, kowa na ba da shawara ba mai matsawa. Da aka ga Aƙilu sai surutu ya ɗauke. Wani ya raɗa wa na kusa da shi wata magana, Aƙilu ya ji sunan Sabo a ciki.

Malam Jumare ya tare su, hularsa a karkace.

"Ya daina magana tun ɗazu. Sai dai yana buga dagi."

Suka kasa kunne. Can ƙasa, zurfin gaba goma sha huɗu na awon igiya, ƙarfe na taɓa dutse. Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Aƙilu ya taka zuwa bakin rijiyar. Saura taku uku warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya doke shi, irin warin ran nan sak. Ya durƙusa, gumi ya keto masa har yana ɗiga daga haɓa. Ya ji kamar ramin ne ke matsowa wurinsa.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Yaya, wallahi ba zan iya ba."

Uwa ta zo ta tsaya tsakaninsa da ramin.

"Kar ka dubi can. Dube ni. Ɗaya?"

Sai haki yake.

"Aƙilu, karatun Baba nake tambayarka. In ka ja igiya sau ɗaya?"

"A sassauta."

"Biyu?"

"A tsaya."

"Uku?"

"A jawo ni."

"To. Ka ja uku, ko da gaba guda tak ka sauka, zan fito da kai, kuma ba mai ce maka komai ina raye. Ka yarda da hannuna?"

Ya ɗago ya dube ta. Matar da ta ɓoye masa gaskiya shekara uku, ita ce dai ta ja masa ruwa shekara uku, ita ta je ta roƙar masa aikin tubali da ya ƙi fita, ita ta zauna a ƙofar ɗakinsa ranar da ya ce ya gaji da rayuwa. Ya rasa yadda zai raba su biyun.

"Na yarda," ya ce.

Da ya miƙe sai aikin ya dawo masa da kansa. Ya sa aka kori mutane baya, ya ce kar wanda ya ƙara ɗaga murya, don rijiyar da ta fara zuba ko tari ba ta so. Ya sa aka gitta azara biyu masu kauri a bakin ramin. Ya nemi ƙaramar fartanya da ƙwarya ya ɗaure a ƙugu.

"Igiya fa?"

Mamman ya jawo ta, naɗe, laka ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙarshe.

"Ga ta maigida. Sabuwa ce, ran kasuwar da ta wuce ya saya."

"Ba wata?" in ji Uwa.

"Ta gidan nan siririya ce, ta maƙwabta ba ta kai ba," in ji Malam Jumare. "Na aika kasuwa, ba a dawo ba." Sai ya ga ta kama igiyar ta tsaya a gaba. "Uwa, nan ba wurin mata ba ne. Ga maza."

"Malam, maza su riƙe nauyi a bayana. Amma in kana da wanda ya san maganar igiya a cikinsu, kawo shi in koma ɗaki."

Bai da shi. Ya gyara hula ya koma baya.

Uwa ta fara bin igiyar da hannu tana murje lakar, kamu bayan kamu, kamar yadda mahaifinsu ke yi kafin kowace sauka. Ta bi gaba guda, biyu, har shida, duk lafiya. Sai suka ji wata ƙasa ta zubo a ciki, suuu, ta faɗa ruwa.

Dagin ya yi shiru.

Aƙilu ya fizge bakin igiyar ya ɗaura a ƙirjinsa.

"Tsaya in gama dubawa."

"Yaya, in na ƙara tsayawa ba zan sauka ba. Na san kaina."

Ita ma ta san shi. Ta dubi sauran naɗin, ta dubi fuskarsa, ta ga ƙarfin halin nan na ɗan lokaci ne, in ya wuce ya wuce. Ta ce a ranta ai sabuwa ce. Ta bar dubawar.

Maza huɗu suka jera a bayanta, Mamman na kusa da ita. Aƙilu ya yi bisimilla, ya zura ƙafafunsa, ya kama azara. Kafin kansa ya nutse ya dube ta sau ɗaya.

Igiya ta ja. Ɗaya.

"Ku sassauta," Uwa ta faɗa a hankali.

Tana saki tana ƙirgawa a ranta. Gaba biyu. Uku. A na huɗu igiyar ta ja sau biyu, suka tsaya. Tana jin rawar jikinsa na hawowa ta cikin igiyar har tafinta. Ta rufe ido tana jiran uku, ta riga ta yafe masa.

Ɗaya.

Ta saki.

Biyar. Shida. Daga nan sun shiga inda ba ta duba ba. Bakwai. Takwas. Tsakar gidan ya yi tsit, sai ƙarar igiya a jikin azara da kukan wata kaza can bayan rumbu. Tara. Uwa ta fara jin numfashinta na dawowa.

A gaba na goma wani kumburi ya shigo tafin hannunta na baya.

Ta damƙe.

"Ku tsaya."

Ta murje lakar da babban yatsa. Haɗi ne. Ba ta buƙaci ta duba ba, shekara uku tana shafa irinsa a cikin adudu. Amma ta duba, ta bi murɗin, ya tafi hagu.

Ta waiwayo.

"Mamman, wa ya haɗa igiyar nan?"

"Maigida ne, jiya. Ta gaza, ya ƙara mata." Ya ga fuskarta, muryarsa ta canza. "Ya ce ba komai, ta guga ce, shi da matakai yake sauka. Inna, wani abu ne?"

Ashe ko da safe igiyar ba ta ɗauki mutum ba. Kuma sai yanzu Uwa ta lura da abin da ya fi wannan muni. Haɗin ya riga ya wuce hannun mazan nan huɗu ba wanda ya ji, duk riƙonsu a bayansa yake. A gabansa hannunta ɗaya ne kawai. Tana ji a tafinta zaren na juyawa a hankali.

Ta naɗe igiyar a damtsenta ta zauna da dukan nauyinta, ta tokare ƙafa da azara. Rama ta shiga fatarta.

"Mamman, dawo gabana ka kama. Kai ma. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, kar wanda ya saki kafin wani ya kama."

Suka dawo suka cunkushe a ɗan tsakanin da ya rage. Yanzu haɗin ya huta, yana kwance a cinyarta. In Aƙilu ya ce a jawo shi, zai fito lafiya, haɗin ba zai ƙara ɗaukar komai ba. In kuwa zai ƙarasa gaba huɗun da suka rage, dole haɗin ya haye azara ya shiga rami, shi kuma ya rataya a jikinsa.

Daga ƙasa igiya ta ja sau ɗaya. Bai san abin da ya tsayar da su ba.

"An dawo daga kasuwa?" ta tambaya ba tare da ta juya ba.

"Ba a dawo ba," in ji Malam Jumare.

Za ta iya jawo shi ba tare da ta ce komai ba. Za ta iya saki ta yi addu'a, shi ma ba tare da ta ce komai ba. Ta riga ta taɓa yanke masa hukunci da shirunta sau ɗaya, ta ga abin da ya haifar. Ta miƙa wuya bakin ramin, ta yi magana can ƙasa-ƙasa don kar bango ya amsa.

"Aƙilu. Kana jina? Kar ka yi magana, ka saurara. Akwai haɗi a hannuna. Tufkar hagu ce, ta fara buɗewa. Saura gaba huɗu ka isa, kuma sai ta wuce za ka isa. Ban sani ba ko za ta ɗauke ka. Ka ja uku in fito da kai, na rantse ba wanda zai ga laifinka."

Ta kasa kunne.

Sai can ƙasa, a raunane, ƙarfe ya taɓa dutse. Ƙwas.

Uwa ta rufe ido. Igiyar ta motsa a hannunta sau ɗaya. Ta jira na biyu. Ta jira na uku, tana roƙon Allah a ranta ya zo. Bai zo ba.

"Inna," in ji Mamman, "me ya ce?"

Ta dubi haɗin da ke cinyarta. Zare ɗaya cikin ukun ya riga ya miƙe.

"Ya ce in sake shi ya ƙarasa."